Shekara tara mai yana kwance a laka: nazarin malalar bututu a wani garin masunta na Ogoni

Garin da bututun

Garin da wannan nazari ya bi yana cikin ƙaramar hukumar Gokana ta Jihar Ribas, a ƙasar Ogoni. Lokacin da abin ya faru an ƙiyasta mutanensa, haɗe da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, sun kai 69,000. Akasarinsu masunta ne da manoman rogo. Ƙasar da ruwan gado ne na dangi da na gari, tun kafin kowa ya san akwai mai a yankin.

Wanda bai taɓa zuwa can ba sai an kwatanta masa irin ruwan. Ƙoramu ne birjik da suka sarƙe da juna, ruwansu da gishiri-gishiri, teku na turo shi ya cika sau biyu tsakanin dare da rana, sannan ya janye ya bar laka a fili. A cikin wannan laka ne itacen da ake kira mangurob yake tsirowa ya yi kurmi. Saiwoyinsa a waje suke, a saman laka, kuma ta nan yake shaƙar iska. A tsakanin saiwoyin kifi ke ƙyanƙyasa, jatan lande da ƙaguwa ke girma. Idan ruwa ya janye, mata kan shiga laka su tsinto dodon koɗi su kai kasuwa, kuma macen da ba ta da kwalekwale ba ta da jari, da wannan take ciyar da 'ya'yanta. Maza kuwa su bi ruwa da raga.

An fara samun mai a ƙasar Ogoni a 1958, a Bomu, nan cikin Gokana. A 1993 kamfanin Shell ya daina haƙa a Ogoni bayan boren MOSOP, ƙungiyar fafutukar haƙƙin mutanen Ogoni ta Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin soja ta rataye tare da mutum takwas a Nuwamban 1995. An daina haƙa, amma bututu yana nan inda yake. Babban bututun Trans-Niger na kamfanin Shell, wanda aka shimfiɗa tun shekarun 1960, ya ci gaba da ɗauko ɗanyen mai daga rijiyoyin wasu yankuna, yana ratsa ƙoramun garin zuwa tashar Bonny inda jiragen ruwa ke lodi. Kuɗin wannan mai yana cikin abin da ake rabawa jihohi duk wata a Abuja, daga Bayelsa har Yobe.

Agusta 2008 zuwa Fabrairu 2009: fashewa biyu

Mutanen gari sun ce ranar 28 ga Agusta 2008 suka fara ganin mai yana ɓulɓulowa a ƙorama. Kamfanin ya rubuta cewa malalar ta fara ne ranar 5 ga Oktoba. Ranar da aka toshe ce kawai ba a yi gardama a kanta ba, wato 7 ga Nuwamba. A lissafin gari, kwana 72 ke nan mai yana zuba. Dalilin fashewar kuwa walda ce ta buɗe a jikin bututun.

Wata ɗaya bayan nan, ranar 7 ga Disamba, bututun ya sake hujewa a wani wurin, wannan karon saboda tsatsa. Ba a tsayar da ita ba sai bayan tsakiyar Fabrairun 2009, kimanin mako goma.

A takarda, dokar Najeriya ba ta bar kafa ba. Kamfani zai sanar da NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai, cikin sa'a 24, kuma share man wajibi ne a kansa ko mene ne ya jawo malalar. Sannan tawagar haɗin gwiwa ta kamfani da hukuma da wakilan gari za ta je wurin ta cika takarda: mene ne sanadi, ganga nawa ta zuba, fili nawa ya ɓaci. Wannan takarda ita ce komai. Idan aka rubuta cewa ɓarayin mai ne suka fasa, babu diyya. Idan aka rubuta ganga kaɗan, diyyar ma kaɗan ce. A aikace kuwa jirgin ruwan da za a shiga, da kayan awo, da mai yin lissafin, yawanci duk na kamfanin ne.

Takardar malalar farko ta ce ganga 1,640. Duka biyun, a lissafin kamfanin, ganga 4,000 ne da 'yan kai. Daga baya ƙungiyar Amnesty International ta miƙa hoton bidiyon malalar farko ga kamfanin Accufacts na Amurka, masu binciken bututu, suka ƙiyasta cewa tsakanin ganga 1,440 da 4,320 ke fita a kowace rana. Idan aka ninka da kwana 72, malalar farko kaɗai ta haura ganga 100,000. Ganga ɗaya lita 159 ce.

Yadda man ya yi ɓarna yana da nasaba da cikar teku. Duk cikowa ruwa ya ɗauki mai ya kutsa da shi can cikin kurmi, duk janyewa ya bar shi manne a saiwoyi. Saiwar da mai ya lulluɓe ba ta iya numfashi, itacen sai ya zubar da ganye ya bushe a tsaye. Sauran man kuma ya bi ramukan ƙaguwa ya nutse cikin laka. Kimanin hekta 1,000 na kurmi ne ya mutu.

2009 zuwa 2011: buhunan shinkafa da jira

Abin da ya fara isowa gari daga kamfanin, watanni bayan malalar, kayan abinci ne: buhun shinkafa 50, buhun wake 50, da wasu katan-katan na sukari da tumatir da man gyaɗa, ga mutum 69,000. Lauyoyin garin sun ce tayin kuɗin farko da aka yi wa al'ummar baki ɗaya bai wuce fam 4,000 na Ingila ba. Gari ya ƙi karɓa.

Shara ta sosai ba a yi ba. Kamfanin ya ce rashin tsaro da hana ma'aikatansa shiga ne suka tsayar da shi, mutanen gari suka ce ba su ga wanda ya zo da niyyar aiki ba. A wannan tsakani masunta suka koma tafiya mai nisa zuwa bakin teku kafin su sami abin kamawa, wanda ba shi da injin jirgi kuwa ya ajiye raga. Wasu matasan yankin suka faɗa satar ɗanyen mai da dafa shi a tukwanen ƙarfe cikin kurmi, abin da ake kira kpofire a can, suna zubar da dattin a ƙorama. Wannan ya ƙara sabon mai a kan tsoho, ya kuma ba kamfanin hujjar cewa ba duk ɓarnar ce tasa ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ta dagula duk wata tattaunawa da ta biyo baya.

Akwai waɗanda suka zaci lokaci zai yi maganin abin. A busasshiyar ƙasa mai shan iska, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cinye mai sannu a hankali. A kan haka aka gina hanyar da kamfanin ya saba bi a Ogoni, ta kafce ƙasar sama, a zuba mata taki, a riƙa juya ta. Amma lakar kurmi ba ta da iska a ciki, don haka man da ya nutse yana iya shekaru bai canza ba. Wanda ya tsaya a sama kuma rana ta gasa shi ya zama ɓawon kwalta.

A Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni, bayan ta duba wurare sama da 200 ta ɗebi samfuri fiye da 4,000. Ta gano cewa ko a tudu hanyar kafce-da-taki ba ta wadatar ba, domin a wurare da yawa mai ya nutse aƙalla mita 5. Cikin wurare 15 da kamfanin ya ce ya gama sharewa, 10 ba su cika ƙa'ida ba. Ta ce farfaɗo da Ogoni zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a fara da dala biliyan 1. Ta kuma faɗi a fili cewa hukumomin sa ido sun dogara da kamfanonin mai hatta wajen kai su wurin da za su bincika.

2011 zuwa Janairu 2015: shari'a a Landan

Garin ya ɗauki lauyoyin Leigh Day na Ingila. A 2011 kamfanin ya amsa cewa malalar biyu laifin kayan aikinsa ne, amma ya tsaya a kan ganga 4,000. Aka shigar da ƙara a Babbar Kotun Landan a 2012. An zauna sulhu a Fatakwal a 2013, aka tashi baram-baram.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Na farko, takardun cikin gida da shari'ar ta tono sun nuna cewa tun 2002 ma'aikatan kamfanin sun yi gargaɗin cewa yawancin manyan bututansa sun kusa ƙare wa'adinsu, wasu sassan kuma suna da haɗari babba. A ƙarshen 2014 kamfanin ya amsa wa kotu cewa alƙalumansa na malalar sun gaza abin da ya zuba. Na biyu, garin ya yi dace da abin da yawancin garuruwan yankin ba su da shi. Wani masanin halittun ruwa na Jami'ar Fatakwal, Nenibarini Zabbey, ya riga ya yi shekaru yana ƙidayar ƙananan halittun da ke cikin lakar waɗannan ƙoramu kafin 2008. Da ya koma bayan malalar ya sake ƙidaya a wuraren, ya tarar yawancinsu sun ɓace. Ba wanda zai iya cewa dama haka ruwan yake.

A Janairun 2015 aka daidaita a kan fam miliyan 55. Fam miliyan 35 aka raba wa mutum kusan 15,600, kowa ya sami kimanin naira 600,000 kai tsaye a asusunsa na banki, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000 a wata. Fam miliyan 20 kuma na al'umma ne. Batun shara aka jingine shi a kotu, da sharaɗin gari zai iya tayar da shi idan aikin bai yi ba.

2015 zuwa 2017: ta leƙo ta koma

Tun 2013 ofishin jakadancin Holan da gamayyar ƙungiyoyin farar hula ta NACGOND suka kafa kwamitin sulhu don shara kaɗai, ban da maganar diyya. A 2015 aka sa hannu a yarjejeniya, aka zaɓi 'yan kwangila, aka fara horar da matasan gari.

Wajen Oktoban shekarar matasa suka rufe wurin aikin suka kori ma'aikata. Wasu sun ce an ware su wajen rabon aiki da kwangila. Wasu, da suka ga kuɗin diyya ya shiga hannu, sun fi son a raba musu kuɗin sharar ma. Ga kuma rikicin shugabanci a cikin gari, kowane ɓangare yana ganin wanda ya riƙe aikin shi ya riƙe gari. Mutumin da ya shekara bakwai ba kamun kifi, aka ce masa kurmi zai dawo bayan shekara ashirin, ba abin mamaki ba ne ya ce a ba shi nasa yau.

Ana cikin haka, ranar 2 ga Yuni 2016, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo wannan gari ya ƙaddamar da shirin gwamnatin tarayya na share Ogoni, wanda hukumar HYPREP ke gudanarwa. An yi taro an watse, man da ke ƙoramar garin yana nan, domin shi yana ƙarƙashin yarjejeniyar sulhu ne.

A farkon 2017 wata rigimar awo ta sake tasowa. Masanin ƙasa Bajamushe da ya jagoranci aikin a 2015 ya rubuta cewa samfurin lakar da aka ɗiba ya nuna mai fiye da kima, ya nemi a duba lafiyar mutanen gari, ya kuma yi zargin an hana shi bayyana sakamakon. Kamfanin ya musanta cewa akwai abin da ya ɓoye. Shekara biyu cur aikin yana tsaye.

Satumba 2017 zuwa gaba: aikin laka

Aka dawo a Satumban 2017, shekara tara bayan fashewar farko, da wani tsari dabam. Ɗaruruwan 'yan gari ne suka zama ma'aikatan, bayan an horar da su an ba su kayan kariya. Tawagar da ke duba wuri kafin aiki da bayan aiki ta ƙunshi wakilan gari, da kamfanin, da NOSDRA, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da ƙungiyoyin farar hula, ƙarƙashin masanin da ba ma'aikacin kamfanin ba.

Matakin farko, wanda ya kai cikin 2018, na kwashe man da ke yawo ne a kan ruwa da saman laka. Mataki na biyu, na wankin lakar kanta, ya fara a ƙarshen 2019, annobar korona ta katse shi na wani lokaci a 2020, sannan aka ci gaba.

Ga yadda yinin aiki yake. An yanka filin gida-gida a taswira, kowane gida da lambarsa. Ma'aikata kan fita da cikar ruwa a jirgi, su jira ya fara janyewa. Su kewaye wurin da shingen roba mai yawo a kan ruwa. Sai a tayar da injin famfo, kusan irin wanda 'yan fadama ke ban ruwa da shi, yana zuƙo ruwan ƙorama yana tura shi ta mesa zuwa wani dogon bututun ƙarfe. Mutum ya riƙe ƙarfen ya soka shi cikin laka, yana tsaye a taɓo har gwiwa, ruwan ya kwance lakar daga ƙasa, mai ya taso baƙi ƙirin ya bi ruwa ya taru a jikin shinge, wasu su kwashe shi. Inda kwalta ta yi ɓawo sai a farfasa ta da manjagara da shebur a ɗura a buhu a fitar. Kafin ruwa ya dawo dole a tattara a fita, don haka sa'o'in aiki teku ke yanka su.

Ba a shigo da manyan motocin haƙa ba, ba a kuma kwashe lakar an kai wani wuri ba. Nauyin inji zai danna mai ya ƙara nutsewa, ya lalata hanyoyin da ruwa ke bi, kuma lakar nan ita ce ƙasar da sabon kurmi zai tsiro a kai. Idan 'yan kwangila suka ce sun gama wani gida, tawagar dubawa kan je ta haƙa ramuka, ta jira ruwa ya taru a ciki, kowa ya leƙa ya ga ko mai ya taso, a kuma ɗebi samfuri zuwa ɗakin gwaji. Gidan da bai ci ba sai an sake shi.

Dashe

Kafin a gama wankin laka an gwada dasa 'ya'yan mangurob a wurare masu mai, don a ga ko za su rayu. Yawancinsu sun kama sun yi ganye. Wannan ya nuna ba sai laka ta koma tas kamar da ba kafin a yi dashe, muddin an cire man da ke tasowa ya shafe saiwa. Aka tsara dasa kimanin miliyan 2, ana renon su a gari, mata da matasa na samun kuɗin shiga daga renon da dashen.

Akwai abokin gaba da ba a yi zato ba. Wani irin kwakwan ruwa mai suna nipa, wanda aka shigo da shi Kalaba a 1906 daga yankin Asiya, yana saurin mamaye duk inda kurmi ya mutu, kuma ba ya tara kifi da dodon koɗi kamar mangurob. Sai da aka riƙa tumɓuke shi kafin a dasa, a kuma koma a sake tumɓukewa.

Inda aka kwana

Kamfanin ya sha faɗin cewa an kammala mafi yawan hekta 1,000 ɗin kuma hukuma ta amince. Garin bai gamsu ba. Tun a Mayun 2018 kotun Landan ta ƙi yarda a rufe batun shara, kuma a 2025 aka koma gabanta, masanan da lauyoyin gari suka ɗauka suna cewa har yanzu akwai mai da yawa a ƙarƙashin lakar da aka wanke. A Maris ɗin 2025 Shell ya kammala sayar da reshensa na tudu ga kamfanin Renaissance. A cikin watan kuma bututun Trans-Niger ya sake fashewa ya kama da wuta a yankin wannan gari, kwana ɗaya kafin a ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas.

Hukunci

Asara mafi girma a wannan lamari jinkiri ne. Man da za a iya tare shi da shinge a makon farko, an bar shi wata biyar yana bin cikar teku, sannan shekara tara yana nutsewa. Duk wahalar soka ƙarfe a laka da kuɗin da ta ci, kuɗin wancan jinkiri ne ake biya.

Jinkirin kuma, a ganina, daga hannun da ke riƙe da awo ya samo asali. Muddin wanda ya zubar da man shi ne ke faɗin ganga nawa ce, shi ke faɗin ranar da ta fara, shi ke cewa an gama shara, to ba abin da zai sa shi gaggawa. Sau uku lamarin ya motsa, kuma duk ukun sai da awon ya fita daga hannu ɗaya: lokacin da masu binciken waje suka ƙiyasta malalar daga bidiyo, lokacin da ƙidayar da aka yi kafin 2008 ta tsaya a matsayin shaida, da lokacin da wakilin gari ya tsaya a bakin rami tare da na kamfani suna leƙa ruwa ɗaya. Al'ummomin da ke kusa da rijiyoyin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, da waɗanda bututun Agadem ya ratsa ƙasarsu a Nijar, suna da damar da yawancin Ogoni ba su samu ba, ta a auna ruwan rijiyoyinsu da ƙasar gonakinsu tun yanzu, a ajiye sakamakon a hannun gari.

Diyya ta yi amfani, kuma biyan kowa a asusunsa ya hana ta maƙalewa a hannun manya. Sai dai zuwanta kafin a tsayar da yadda za a raba aikin shara ya taimaka wajen tsayawar 2015. Wannan kuskure ne na masu tsara sulhun da na shugabannin gari, ba na kamfanin kaɗai ba. Da an fara da tambayar wa zai yi aikin, wa zai reni dashen, wa zai sa hannu, da an tsira da shekara biyu.

Hanyar wankin laka da dashe ita ce ta dace da irin wannan wuri, domin ta bar ƙasar a inda take ta kuma bar ƙwarewar a hannun 'yan gari. Amma ba zan kira aikin mai ɗorewa ba tukuna. Man da ke ƙasan laka an kai gardamarsa har gaban kotu a 2025. Matasan da suka bar kpofire saboda albashin shara suna buƙatar abin yi bayan kwangila ta ƙare. Bututun da ya fashe a 2008 har yanzu yana ratsa ƙoramun da aka yi dashen, kuma malala ɗaya mai girma ta isa ta kashe itatuwan da ba su kai shekara goma ba.